Takardar ISO za ta cika mini ɗakuna?

Filin Tambayi Tsohon Mai Masauki

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata, duk wuri ɗaya suke kewaye. Ta farko ta fi tsawo, na ɗan rage ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da masauki mai ɗaki 18 a Sabon Gari, nan Damagaram, da zauren taro guda mai cin mutum 60. Shekarata 9 a wannan sana'a. Bara wata ƙungiya ta nemi inda za ta yi atelye, wato taron bita, na kwana 5, muka kai takardunmu, aka ba wani. A takardar da suka ba mu mu cika akwai gurbin da ake tambayar ko muna da shaidar inganci, na bar shi fayau. Yanzu ga wani yaro daga Yamai yana ta kirana, wai in ba shi miliyan 2 ya kawo mini ISO cikin wata guda. Babban ɗana ya ce in yi, uwargida ta ce in ƙara tankin ruwa da kuɗin. Malam, raba mana gardama. Daga wani Alhaji, Sabon Gari, Zinder.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai, wannan yaron na Yamai ka daina ɗaga wayarsa. Ba a samun ISO cikin wata guda a gidan da bai taɓa rubuta komai ba, kuma ba a kawo ta cikin jaka kamar tsarabar kilishi. Zan dawo kansa.

Mu fara da ita takardar, don da yawa masu rataya ta a bango ba su san abin da ta ce ba. ISO ƙungiya ce da ke Janiba a ƙasar Suwizalan, an kafa ta a 1947, aikinta rubuta ƙa'idoji. Ita da kanta ba ta ba kowa shaida. Wasu kamfanoni ne daban, irin su AFNOR da SGS da Bureau Veritas, suke zuwa su duba ka su ba ka. Wadda aka fi nema ita ce ISO 9001. Ta fito a 1987, tushenta wata ƙa'idar Ingila ce ta 1979 da aka yi wa masana'antu, aka yi ta gyara ta a 1994, da 2000, da 2008, da 2015. Ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka ce katifarka ta yi laushi ko ka sa tayil a makewayi ba. Abin da take nema shi ne ka faɗi alkawarin da kake yi wa baƙo, ka tsara yadda ake cika shi, ka ajiye shaidar an cika, in kuma an kuskure ka bi diddigin dalili ka toshe ƙofar. Shi ya sa masaukin jikka 10 zai iya samunta, na jikka 100 ya rasa.

A nan Damagaram in an ce alkawari ga baƙo, ruwa ake nufi. Garin bisa dutse yake zaune, kowa ya san ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Machaya da Aroungouza, in Afrilu ta kama kuwa pampo sai ya yi tari biyu ya yi shiru. Baƙon da ya sha hanyar kilomita kusan 900 daga Yamai, ya sauka jikinsa duk ƙura, ya murɗa pampo bai ga komai ba, ba ruwansa da abin da ka rataya a bango.

Ni na sha wannan kunyar. Lokacin bikin 18 ga Disamban 2018, Zinder Sabuwa, ina riƙe da wani masauki a garin nan, ɗakuna cike har zaure mun shimfiɗa katifu. Rana ta biyu da magariba tanki ya ƙafe ƙaf. Mai gadi yana zaton mai gyaran pampo ya duba, mai gyaran pampo yana zaton yaron ɗakuna ya duba, ni kuma ina zaton duk sun duba. Daren nan da kaina na bi 'yan garuwa ina roƙo, muka yi ta jidar bido zuwa bene har ƙarfe 1. Ba wanda ya yi lalaci a cikinsu. Aikin ne ba shi da mai shi. Da aka watse na sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala 100, na ja layi, na rubuta: ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 4 na yamma wane zai hau ya duba tanki, ya rubuta inda ruwa ya tsaya, ya sa hannu; in ya sauka ƙasa da rabi a kira mai motar ruwa nan take, ba sai an jira ni ba. Daga baya na ƙara shafin man gurup, wato injin wuta, da shafin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kowane ɗaki, da shafin koke-koken baƙi. Alhaji, wannan kayen shi ne ISO 9001 tun tana jaririya. Duk sauran abin da masu kwat za su zo su gaya maka, a kansa aka ɗora.

To kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Ta fuska biyu ake duba wannan, kuma mutane suna cakuɗa su.

Akwai ribar da tsarin kansa yake kawowa, ko da takarda ko babu. Da muka fara rubuta man gurup, cikin wata biyu na gane lita nawa yake sha a awa, na kuma gane akwai daren da littafi ya ce awa 3 ya yi amma man awa 6 ya tafi. Ban kori kowa ba, ban ma ɗaga murya ba. Da aka san ana ƙirgawa sai yoyon ya tsaya da kansa. Haka tawul da zanen gado, haka sabulu, haka naman da ke lalacewa a firigo. Shafin koke-koke kuwa shi ya nuna mini ɗaki mai lamba 7 kaɗai ya haɗa kusan rabin ƙorafin gidan, kuma duk a kan kilim ɗaya ne da muke ta yi wa ɗori shekara biyu. Kuɗin ɗorin ya isa sayen sabo. Ga kuma wata riba da ba a cika faɗa ba: ranar da babban yaronka na resepsiyo ya samu aiki a wata ƙungiya ya tafi, gidanka ba zai tafi cikin kansa ba, wanda ya gaje shi zai buɗe littafi ya ga yadda ake yi. Masu masauki nawa ne ba sa iya zuwa Umra kwana 15 hankali kwance, don komai a bakinsu yake?

Sai ribar ita takardar, wato hatimin da baƙon ido ya buga ya ce ya gani. Wannan ba ta da amfani sai wurin mai sayen da ya tambaye ta. Ka ɗauko rajistar baƙinka ta shekara guda ka zauna da ita bayan la'asar. Ɗan kasuwar Kano da ya shigo ta Matamaye don kasuwar Dole ta Alhamis, da direban da zai wuce Agadas ko Diffa, da mahaifin da ya rako ɗiyarsa jami'ar André Salifou, da dangin amarya, ba ɗayansu da zai ce ina ISO ɗinka. Tambayarsu huɗu ce kullum: akwai ruwa, kilim na aiki, in an ɗauke kuran kuna tada gurup, motata za ta kwana lafiya? Masu duba takarda su ne manyan ƙungiyoyi, da kamfanonin da ke hulɗa da matatar man Soraz, da masu shirya taron da kuɗinsu daga waje yake zuwa. In waɗannan su ne kashi ɗaya cikin goma na cinikinka, hatimin ado ne. In su ne rabi, ko kana son su zama rabi, to magana ta canza.

Kuma kada ka yanke cewa gurbin nan da ka bari fayau shi ya kayar da kai. Ka sa babbar riga ka je ka gai da jami'in sayayyar ƙungiyar, ka ce ba ƙorafi ka zo yi ba, ilimi kake nema, me ya rage mana? Yawanci suna faɗa. A abin da na sha gani, kafin a kai ga ISO ana faɗuwa a kan ƙananan abubuwa: lambar haraji ta NIF, rajistar kasuwanci, faktir irin wadda akawunsu zai karɓa, asusun banki da sunan masaukin ba da sunan Alhaji ba, tukunyar kashe gobara da wa'adinta bai wuce ba, ƙofa ta biyu ta fita daga zaure, makewayin mata daban da na maza. Wasu ma sai sun turo mai kula da tsaronsu ya zagaya gidan kafin su yarda ma'aikacinsu ya kwana. Duk waɗannan ba su kai rabin kuɗin ISO ba.

Kuɗin kuwa ba sau ɗaya ake biya ba, nan ne mutane ke ruftawa. Akwai na mai shirya ka, wanda zai zauna da ma'aikatanka watanni yana koya musu. Akwai na masu bincike, da ake lissafawa bisa yawan ma'aikata da kwanakin da za su yi, ga tikitinsu ga masaukinsu ga abincinsu, kuma mu a ƙarshen hanya muke. Binciken farko mataki biyu ne: su duba takardunka, sannan su zo su ga ko abin da ke takarda shi ne a ƙasa. Kafin su zo sai ka yi naka binciken cikin gida, ka kuma zauna da manyan ma'aikata kun bi sakamakon. In an ba ka, shekara 3 take yi, kuma kowace shekara sai sun dawo sun leƙa, kai ke biya, in sun tarar ka saki za su iya dakatar da ita. Ka nemi farashi a rubuce na shekara ukun duka daga kamfani biyu ko uku. Sai ka yi lissafin 'yan tireda. A misali kawai, a ce duka ya kama miliyan 6, wato miliyan 2 a shekara. A ce kuma bayan ka cire kuran da ruwa da wanki jikka 8 ke rage maka a kowane kwanan ɗaki. Ke nan sai takardar ta jawo maka ƙarin kwana 250 a shekara kafin ta mayar da kuɗinta. Atelye huɗu ko biyar masu kwana za su iya cike wannan. Kana da su a hannu, ko fata kake?

Na ce zan dawo kan yaron nan na Yamai. Alama ta farko ta ɗan damfara ita ce ya ce shi zai shirya ka kuma shi zai ba ka shaidar. Ƙa'idar masu ba da shaida ta hana haka. Malamin da ya koyar da kai ba shi zai gyara jarrabawarka ba. Ta biyu, ka tambaye shi wa ya amince da kamfanin da zai buga hatimin. Su ma masu ba da shaida akwai masu duba su: COFRAC a Faransa, UKAS a Ingila, a yankinmu kuma SOAC da ke Abijan. Takardar gaskiya tana ɗauke da lamba, da ranar bayarwa da ta ƙarewa, da iyakar abin da aka duba, ko ɗakuna ne kaɗai ko har da kicin da zaure. In kana son ka ji daga bakin hukuma, akwai ANMC a Yamai, ita ke kula da ƙa'idoji da ma'auni da shaidar inganci a Nijar, ka tura ɗanka ya tambaya. Jami'in ƙungiya da ya san aikinsa minti biyar ya ishe shi ya gano ta bogi a intanet, kuma in ya gano, gara da ka bar gurbin fayau.

Saboda haka bana uwargida ta ci gari. A sayi tanki, a sayi kaye, a ɗora ɗan naka mai zumuɗi a kan littattafan, tunda shi ke so. In ya riƙe su wata 12 ba fashi, kuma ka ga manyan masu saye sun fara leƙowa, sai ku kira masu bincike. A lokacin aikin mai shirya ku zai ragu, kuɗinsa ma haka. A gai da Hajiya.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ni ma'aikaciyar resepsiyo ce a wani otel a nan Zinder. Maigidanmu ya ɗauko wani masani don a samo mana shaidar inganci, yanzu takardu sun yi mana yawa, har baƙo yana tsaye ina cike fom. Babban kukunmu dattijo ne, shekara 30 yana girki, bai iya boko ba, an ce ya riƙa rubuta sanyin firigo sau uku a rana, ya ce in an matsa masa zai ajiye aiki. Wannan shi ne ingancin? Daga ɗiyarka, unguwar Zango.

AMSA: Lafiya lau ɗiyata, Allah ya yi albarka. A'a, ba shi ne ba. In baƙo yana tsaye kina cike fom, to fom ɗin ya ci amanar abin da aka yi shi dominsa. Masaninku da alama ya kwaso takardun wani babban otel ne ya sauya suna a sama, abin da malalatan cikinsu ke yi. Gyaran 2015 na ISO 9001 ma ya sassauta wannan, bai tilasta wa kowa rubuta ƙaton kundin inganci ba, ya bar wa kowane gida ya ajiye abin da aikinsa ke bukata. Ba kuma inda aka ce sai da Faransanci. Ana iya yi da Hausa, ana iya yi da ajami, ana iya yi da hoto.

Amma a kan firigo ina bayan masanin, kuma zan gaya miki dalili da abin da ya faru da ni, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Ina saurayi a wani otel a wani gari, ana gobe masu bincike za su zo, muka tarar takardar firigo wata uku ba wanda ya taɓa ta. Muka zauna da dare muka cike ta tas. Da safe matar da ta zo binciken ta ɗaga takardar, ta dube ta, ta ce ikon Allah, firigonku bai taɓa motsawa daga digiri 4 ba kwana 90, kuma da bik ɗaya aka rubuta, bai ko ƙare ba. Sannan ta ce a kawo littafin gurup. A ciki ga ranar da aka wuni babu kuran, gurup kuma yana wurin gyara, amma firigonmu a takarda yana nan a 4. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe firigon ta nuna mana kajin da suka narke suka sake daskarewa, ta ce waɗannan wa za ku ba? Har yau in na tuna sai na ji zufa.

Wannan tsari na kicin ana kiransa HACCP, an faro shi a Amurka a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati, inda ciwon ciki ba shi da wurin zuwa. ISO 22000 ta 2005, wadda ta shafi lafiyar abinci, a kansa aka gina ta. Gindinsa kaɗan ne: abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, abin daskarewa a 18 ƙasa da sifiri, abin zafi sama da 60, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, wuƙa da katakon ɗanyen nama kada su taɓa salak. A garin da zafi ke haura 40 a bazara kuma kuran ke zuwa yana komawa, wannan ba fi'ilin Turawa ba ne. Mutum 60 na atelye su kwana suna zarya makewayi saboda shinkafar rana da aka ɗumama da dare, kafin azahar labari ya gama Birni da Zango.

Dattijonku ya san duk wannan da hancinsa da tafin hannunsa, abin da ya ƙi shi ne a mai da shi ɗan lakkol a gaban yaransa. Ki samu maigida a keɓe, cikin ladabi, ki ba shi shawara: a sayo ma'aunin sanyi mai fuska kamar agogo, a shafa kore a inda ya dace da ja a inda ya wuce, a liƙa takarda mai gida-gida a ƙofar firigo. Baba kuku ya riƙa dubawa da idonsa, yaronsa ya rubuta lamba, shi ya sa alamarsa. In allura ta shiga ja, shi ke da ikon cewa a zubar ko a dafa yanzu, ba manaja ba. Kin ga an ƙara masa girma ke nan, ba a rage ba. Ke kuma ki tattara fom ɗin resepsiyo duka, ki tambayi masanin a kan kowanne, wa ke karanta wannan, kuma me yake yi da shi? Wanda ba amsa a ajiye shi. Katin baƙi na 'yan sanda ne kaɗai ba ya shiga wannan ciniki.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Kano, duk wata ina shigowa Damagaram. Na sauka wani wuri allonsa da taurari uku, na kwana ina fifita da kwali. Taurarin nan wa ke ba da su, kuma ɗaya suke da ISO?

AMSA: Sannu da hanya, Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ba ɗaya ba ne. Tauraro yana ƙirga abin da gida yake da shi: girman ɗaki, makewayi a ciki, kilim, gidan abinci, resepsiyo dare da rana. ISO tana duba yadda ake tafiyar da gidan. Babu ma'aunin tauraro guda na duniya, kowace ƙasa da nata. A Faransa alal misali shekara 5 yake yi a sake dubawa. A wurinmu ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido ce ke da hurumin wannan, amma mai fenti ma yana iya zana uku a allo in an biya shi, kuma kilim ɗin da aka ƙirga ranar dubawa ba lallai yana da rai yau ba. Kana da damar ka ce a nuna maka takardar hukuma ka ga shekararta.

Ni dai in na sauka baƙon wuri, kafin in biya sai na ce a kai ni ɗakin. In kunna kilim in bar shi yana aiki, in murɗa pampo, in ɗaga zanen gado in dubi katifa, sannan in tambayi yaron da ya rako ni, ba manaja ba, ƙarfe nawa ake kashe gurup. In ka dawo wata mai zuwa ka gwada haka, ka rubuto mini abin da yaron ya ce.